Allon agogunan ƙaramin jirgin sama ƙirar hannu: tsarinsa, yankansa da rubutunsa

1. Gabatarwa

Abin da muke nufi da allon agoguna a cikin wannan ƙasida shi ne faifan da ke gaban matuƙin jirgin sama, wanda ake hudawa a dasa ma'aunai da makunnai, wato abin da ake kira tableau de bord da Faransanci. Mun zaɓi kalmar agogo ne domin ita ce direbobi da makanikai suka riga suka ba duk ma'aunin da ke da fuska da allura, kamar agogon gudu da agogon mai. Jirgin da muke magana a kansa kuwa ƙarami ne, mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu, wanda mutum ya haɗa da hannunsa a gida ko a gareji.

Za mu duba abin da ya wajaba allon ya nuna, da yadda ake jera agogunan, sa'an nan yadda ake yanka faifan a yi masa rubutu. Za mu riƙa auna bayanin da yanayin jahar Maraɗi, mu ƙaddara cewa mai aikin yana zaune a Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji. Ra'ayin da muke karewa shi ne, a cikin sassan irin wannan jirgi babu wanda ya kai allon bukatar a gama tsara shi kafin a taɓa ƙarfe. Ramin da aka huda ba ya komawa, kuma matuƙin da ya karanta agogo ba daidai ba yana sama, sau da yawa ba ya samun lokacin gyara.

2. Misalai biyu daga ƙasar Hausa

Haɗa jirgi a gida tsohuwar al'ada ce a wasu ƙasashe. A Faransa, littafin Henri Mignet mai suna Le Sport de l'Air, na 1934, ya sa mutane da yawa suka ƙera ƙaramin jirginsa, Pou-du-Ciel. Bayan haɗurran da suka ci rayuka a 1935 da 1936 aka hana shi tashi, sai da aka gyara siffarsa. A Amurka an kafa ƙungiyar masu wannan aiki, EAA, a 1953. A ƙasar Hausa muna da misalai biyu da suka isa a koyi darasi.

Na farko shi ne na Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fisiks a Jami'ar Bayero ta Kano. A 2007 kafofin watsa labarai na duniya suka ba da labarin jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa cikin wata takwas, da injin mota Honda Civic da kujerun wata tsohuwar Toyota. Jirgin ya ɗaga daga ƙasa, amma bai wuce ƙafa 7 ba, wato wajen mita 2. A gaban matuƙi akwai maɓallin ta da inji, da sandar tuƙi, da ɗan gilashin talabijin wanda ke nuna hoton ƙasa daga wata kamara da aka ɗaura ƙarƙashin jirgin. Shi kansa mai aikin ya faɗa cewa babu ma'aunin nisa daga ƙasa, babu na matsin iska.

Na biyu shi ne Air Beetle, ƙaramin jirgin koyon tuƙi da kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna, wanda ya fara tashi a 1989, kuma sojan sama na Nijeriya suka nemi guda 60. Asalinsa RV-6A ne, jirgin kamfanin Van's Aircraft na Amurka, wanda ake sayar da shi gunduwa-gunduwa domin masu haɗawa a gida. A Kaduna zane ne ya riga kaya zuwa. A Kano kayan da aka samu ne suka yanke siffar jirgin, har da abin da ke gaban matuƙi. A mita 2 ido ya isa ma'auni, shi ya sa rashin agoguna bai hana jirgin Kano yin abin da ya yi ba. A mita 300 kuwa, cikin hazon hunturu, ido ba ya iya faɗin ko jirgi hawa yake ko sauka.

3. Tambayoyin da allo ke amsawa

Kowane agogo amsa ne ga wata tambaya da matuƙi ke yi wa jirginsa. Don haka matakin farko na tsara allo shi ne rubuta tambayoyin:

(1) Da wane sauri nake keta iska?
(2) Mita nawa nake bisa?
(3) Hawa nake ko sauka, kuma da wane sauri?
(4) Ina na dosa?
(5) Fikafikai a daidaice suke ko sun karkace?
(6) Yaya lafiyar inji, kuma fetur nawa ya rage?

3.1. Agogunan iska

Tambayoyi (1) zuwa (3) agoguna uku ne ke amsa su, kuma dukkansu da iska kaɗai suke aiki, ba su bukatar batir. Agogon bisa, altimètre ke nan, yana da ɗan gwangwanin ƙarfe rufaffe a cikinsa, wanda ke kumbura in matsin iskar waje ya ragu. Matsin da aka ɗauka a matsayin ƙa'ida a bakin teku shi ne hektofaskal 1013, kuma kusa da ƙasa yana raguwa da ɗaya a kowane mita 8 da ƴan kai. Tun da matsin iska yana sauyawa daga rana zuwa rana, agogon yana da maɓallin saiti. Filin jirgin Maraɗi yana mita 378 bisa teku, wato ƙafa 1240. Matuƙin da ya yi kuren 10 wajen saiti, agogonsa zai yi masa ƙaryar sama da mita 80.

Agogon gudu yana gwama matsin iska iri biyu: na iskar da ke bugo bakin wani siririn bututu da ke fuskantar gaba, da na iskar da ke kwance a gefen jirgi. Bututun yana ɗauke da sunan Henri Pitot, injiniyan Faransa da ya auna gudun ruwan kogin Seine da shi a 1732. Agogon hawa da sauka kuma yana auna saurin sauyawar matsin iskar gefen.

Ke nan waɗannan agoguna uku sun dogara da tiyo biyu da ke shigowa bayan allo, kuma toshewar ɗaya ta isa ta ɓata karatu. A ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu. Masu bincike sun gano cewa bututun Pitot na matuƙi a toshe yake, kuma sun kyautata zaton wani ƙwaro irin zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a ciki, da yake jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye. Duk wanda ya san yadda zanzaro ke cika ramukan bango a ƙauyukanmu ya san wannan haɗari namu ne. A sa wa bututun murfi mai jan ƙyalle, kuma a tsara allon yadda hannu zai kai ga tiyon in ana son dubawa.

3.2. Agogunan alkibla da karkata

Tambaya ta (4) kamfas ne ke amsa ta. Ta (5) kuwa akwai agoguna masu wani ɗan ƙarfe a ciki da ke juyi da sauri, wanda yake riƙe tsayuwarsa kamar yadda katantanwa ke yi muddin tana juyi. Da irinsu ne James Doolittle ya tashi ya sauka a Amurka a 1929 ba tare da ya ga waje ba. Suna da tsada da nauyi, kuma ƙura tana kashe su. Jirgin da zai tashi da rana kawai, cikin sarari, yana iya wadatuwa da kamfas da ɗan ƙwallon da ke cikin lanƙwasasshen bututun gilashi mai ruwa, wanda ke nuna ko jirgi yana zamewa gefe sa'ad da yake juyawa.

3.3. Agogunan inji da zafin Maraɗi

Tambaya ta (6) tana bukatar agogon juyin inji, da na matsin man inji, da na zafinsa, da na fetur. A nan ne yanayin wuri ke shiga cikin tsari. A ƙa'idar da aka yarda da ita, zafin iska a bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da digiri 6 da rabi a kowane mita 1000. Bisa wannan lissafi, a Maraɗi ya kamata a sami digiri 12 da rabi. Amma da bazara, a watan Afrilu, digiri 40 abin yau da kullum ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, kuma kowane digiri da ya haura ƙa'ida daidai yake da ƙarin hawan mita 36. Wato jirgin da ke tsaye a filin Maraɗi da tsakar rana, fikafikansa da injinsa suna aiki kamar suna mita 1400 bisa teku. Zai ci doguwar hanya kafin ya ɗaga, ya hau a hankali, injin kuma ya yi saurin zafi. Saboda haka muna ganin cewa, ga mai aikinmu na Sae Sabuwa, ma'aunin zafin iskar waje da na zafin inji ba su cikin abin da za a rage don tsimi, kuma wurinsu kusa da ido yake.

A yau gilashi guda mai aiki da kwamfuta yana iya nuna dukkan waɗannan amsoshi. Amma yana mutuwa in batir ya mutu, kuma hasken rana yana dushe shi. Ko da an same shi, a bar wa agogon gudu da na bisa da kamfas ramukansu.

4. Jerin agoguna

Sojan sama na Ingila ne suka tsayar da jerin agoguna shida na tilas a 1937, domin matuƙin da ya sauya jirgi kada ya sake koyon inda zai duba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jerin ya koma siffar harafin T, wadda ake bi har yanzu. A layin sama, agogon gudu yana hagu, na karkata yana tsakiya, na bisa yana dama. A layin ƙasa, na alkibla yana tsakiya, na juyawa yana hagu, na hawa da sauka yana dama. Ko mai aikinmu bai da dukkan shidan, ya bar kowane a gurbinsa: gudu a hagu, bisa a dama. Duk matuƙin da ya yi karatu, a Zariya ne ko a wani wuri, idonsa can zai nufa.

Ban da wannan akwai sharuɗɗa huɗu.

Na ɗaya, tsakiyar jerin ta yi daidai da tsakiyar kujerar matuƙi. Agogon da ake kallo ta gefe, allurarsa takan nuna lambar da ba ita ba.

Na biyu, a auna bayan allo kamar yadda aka auna gabansa. Wasu agoguna suna da zurfin santimita 15 zuwa 20, ban da bakin tiyo da waya. In tankin fetur ko sandar tuƙi suna bayan allon, dogon agogo yana iya tokare su, kuma sandar da ta maƙale a sama mutuwa ce.

Na uku, kamfas ya nisanci baƙin ƙarfe, da lasifika, da wayoyin da ke ɗauke da kuran mai ƙarfi, domin duk suna jan allurarsa. Shi ya sa ake ɗaura shi bisa allo, kuma ake ɗaure agoguna da ƙusoshin tagulla masu murɗi, waɗanda mayen ƙarfe ba ya kamawa.

Na huɗu, makunnai su bi tsarin aiki, daga hagu zuwa dama kamar yadda ake ta da inji. Makunni biyu da kuskure tsakaninsu zai kashe inji kada su yi maƙwabtaka, kuma kada su yi kama a hannu.

5. Yankan faifai

Faifan da aka saba amfani da shi na alminiyam ne, wanda maƙera ke kira goran ruwa, iri mai lamba 2024 ko 6061, mai kaurin milimita 1 da rabi zuwa 2. Narkakken alminiyam da ake zuba tukwane da shi bai dace ba, domin yana da ƙananan kofofin iska a ciki kuma girgizar inji tana tsaga shi. Haka kuma ba a yanka faifan da harshen wutar walda, saboda ƙarfin waɗannan irin ya samu ne daga gashin da aka yi musu a masana'anta, zafi kuma yana warware shi.

Ramukan agoguna iri biyu ne a duniya: babba mai faɗin milimita 80, wato inci 3 da kashi ɗaya cikin takwas, da ƙarami mai milimita 57, wato inci 2 da kwata. Kowane rami yana da ƙananan ramuka huɗu na ƙusoshi a kusurwoyinsa, tsakaninsu milimita 63 ga babba, 47 ga ƙarami. Gangar jikin agogo ta fi raminsa faɗi, don haka a bar milimita 90 daga tsakiyar babban rami zuwa tsakiyar na kusa da shi. Jerin shida ke nan zai ci milimita 270 a faɗi da 180 a tsaye. Agogon bisa yana da maɓallin saiti a kusurwar ƙasa ta hagu, wanda ke bukatar a faɗaɗa masa gurbi.

Matakan aikin su ne:

(7) A yanka kwali daidai da girman allon, a liƙa masa da'irorin takarda, a sa shi cikin jirgi, a zauna kan kujera da ɗamara a ɗaure, a gwada ko ido yana ganin kome kuma hannu yana kaiwa.
(8) A maimaita a kan siririn katako, a huda shi, a dasa agogunan gaske, a motsa sandar tuƙi iyakar motsinta ta kowane ɓangare.
(9) A rufe fuskar faifan da takarda mai gam, a yi zanen a kanta. Kada a zana da fensir a kan ƙarfen, domin baƙin fensir yana sa alminiyam ya ci. Kada kuma a karce shi da tsini sai a layin da za a yanke, tun da daga karce tsaga take farawa.
(10) A buga ɗigo a tsakiyar kowane rami, a danne faifan a kan katako da matsi, a fara da ƙaramin huji.
(11) A yanke babban ramin da zarto mai da'ira a injin huda na tsaye, a hankali, ana ɗiga mai. Wanda bai da wannan sai ya jera ƙananan huji a cikin da'irar, ya ɓalle tsakiyar, ya ƙarasa da magagari mai ƙusumbi.
(12) A goge kaifin kowane baki, a lanƙwasa gefen ƙasa na faifan domin ya yi ƙarfi, a shafa fenti baƙi ko ruwan toka marar sheƙi.

A manyan birane ana iya ba da zanen kwamfuta wata na'ura ta yanke faifan cikin ƴan mintoci. Wannan yana maye gurbin (10) da (11) ne kawai. Na'urar tana yanka abin da aka ba ta, har da kuskuren, don haka (7) da (8) suna nan daram. Masu karin magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kwali ya fi alminiyam araha nesa ba kusa ba.

6. Rubutun allo

Kowane makunni da kowace fitila suna bukatar suna, kuma matuƙi yana karanta sunan ne da wutsiyar ido. Sharaɗin shi ne kalma ɗaya, ma'ana ɗaya. In mai aikin ya zaɓi ya yi rubutun da Hausa, akwai kalmomin da suka fi saurin zuwa baki amma ba su cika wannan sharaɗi ba:

(13) MAI: fetur, ko man inji.
(14) WUTA: lantarki, ko fitila, ko gobara.
(15) JA: launi, ko umurnin a ja.
(16) TSAYI: nisa daga ƙasa, ko tsawon abu.

A (13), fitilar da ta kama da sunan MAI ba ta gaya wa matuƙi ko tanki zai sauya ko inji ne ke shirin ƙonewa, alhali matakan da zai ɗauka sun bambanta. Sai a raba: FETUR, ko ISANSI kamar yadda ake cewa a Nijar, da MAN INJI. A (14), aron da Hausar Nijar ta yi daga Faransanci ya warware matsalar, domin KURAN ba ya nufin kome sai lantarki, sai a bar GOBARA da FITILA kowace da gurbinta. A (15), JAWO da TURA sun fi. A (16) muna ba da shawarar BISA, wadda gajera ce kuma sananniya a karin harshen yamma. A lura kuma da baƙaƙe masu ƙugiya: in abin buga rubutun bai da Ƙ, to ƘASA za ta fito KASA, wadda wata kalma ce dabam. Gara a ƙara ƙugiyar da hannu.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ma'aunin lissafi. Mai haɗa jirgi da kayan da ya tsinta zai iya samun agogon bisa mai ƙidaya da ƙafa, da agogon gudu mai ƙidaya da kilomita a awa, ko da mil na teku a awa, wato nœud, wanda yake mita 1852 a awa. Lamba 60 a ɗaya kilomita 60 ce, a ɗayan kuwa kilomita 111. In fikafikan jirgi suna daina ɗaukarsa a kilomita 65, matuƙin da ya riƙe allura a kan 60 yana zaton nœud ne, faɗuwa zai yi. A rubuta ma'aunin ɓaro-ɓaro kusa da kowane agogo. A kuma yi wa agogon gudu launukan da aka saba: kore ga gudun yau da kullum, rawaya ga gudun da ba a yi sai iska tana kwance, jan layi ga iyakar da ba a ƙetarewa. In a kan gilashin aka shafa su, a ja farin layi daga gilashin zuwa bakin agogon, domin a gane in gilashin ya juya.

7. Kammalawa

Mun ga cewa tsara allo yana farawa da tambayoyin matuƙi, ya bi ta kan yanayin wurin da jirgin zai tashi, sa'an nan ya iso ga kwali, da katako, da ƙarfe. Gwanintar hannu da matakai (9) zuwa (12) ke bukata akwai ta a wurin maƙera da makanikan jahar Maraɗi. Abin da misalin Kano ya nuna shi ne, ana iya samun wannan gwaninta har jirgi ya ɗaga, amma a rasa abin da zai ba shi damar yin nisa da ƙasa.

Allon da aka gama kuma ba izinin tashi ba ne. A Nijar hukumar ANAC ce ke da ikon duba jirgi ta yarda ya tashi, a Nijeriya kuma NCAA, kuma ya kamata a nemi shawararsu tun ana matakin kwali. Game da kalmomin da muka kawo a sashe na 6, shawara ce kawai. Aikin da ya rage shi ne a gwada su a wurin makanikai da direbobin Maraɗi, da ma'aikatan jiragen sama irin waɗanda makarantar EAMAC ta Yamai ke horarwa tun 1963, a ga wace ce ake ganewa da kallo ɗaya, wace ce kuma ke sa mai karatu ya dakata.